Gadar Sanubar Mai Hannu Ɗaya

Gadar da na yi wa mahaifiyarmu hannu ɗaya gare ta. In kana hawa zuwa makiyaya, abin riƙewa yana damanka. Hagunka kuwa babu komai sai iska da ƙugin ruwa can ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ta yi a haka, kuma babu wanda bai san dalili ba a kwarinmu.

A wurinmu in mutum yana son girmama iyayensa, nomus yake yi musu: ya ɗora gada, ko ya sassaƙe hanya a jikin dutse, ko ya gina ɗakin fakewar matafiya, da sunansu. Shi ke kawo katako da abinci, shi ke gayyatar jama'a su kawo ƙarfinsu. Daga ranar wurin ya ɗauki sunan wanda aka yi wa, duk wanda ya taka sai ya tsaya ya yi masa addu'a. Ƙa'ida ɗaya ce ba a ƙetarewa. Ba a roƙon mutum ya yi nomus. Ba a tuna masa, ba a yi masa shaguɓe. In aka roƙa, ladan ya lalace.

Innarmu, Bibi Sanubar, ta dasa safeda biyu a bakin lambatun bayan gida, ɗaya ranar sunan yayana Niyat, ɗaya ranar sunana. Dogayen bishiyoyi ne miƙaƙƙu, irin waɗanda muke rufin ɗaki da su. Shekara arba'in da uku tana kora tumaki da shanun dutse masu dogon gashi zuwa makiyaya duk bazara, tana ratsa kogi da ƙafa, ruwan ƙanƙara har ƙugu. Da ta rasu na sare tawa bishiyar, na ƙara da uku daga gonar surukina, muka ɗora gada daidai inda take ratsawa. Katakon ya ishe mu shimfiɗa da hannu ɗaya. Kafinta ya ce a sare ta Niyat a cike ɗayan. Na ce ba za a taɓa ta ba. Ya tambaye ni wane ɓangare zai sa nawa. Na ce dama, domin Niyat bahago ne tun yana yaro. A bar masa hagu.

Bai zo ba. Yana Karachi, yana aiki a wani kantin magani. Makon da Inna ta rasu dutse ya zabtaro ya toshe hanyar mota. Niyat ya zo har bakin kwari, ya kwana biyu yana jiran a buɗe, ya juya. Na ce masa a waya mutumin da ya taka wannan hanya da ƙafa yana ɗan shekara goma sha biyu, da buhun gishiri a baya, ba shi da hujja. Har yau ban janye maganar ba, don gaskiya ce. Bayan ita sai gaisuwar salla kawai ke haɗa mu, ita ma a gajarce.

Shekara huɗu da suka wuce iskar ƙarshen hunturu ta kayar da safedarsa a kan katangar lambu. Na daidaita kututturen da zarto don kada yara su ji ciwo. Na ɓare bawon gungumen, na fere shi ya zama doguwar sanda mai tsawon taku tara, daidai tsawon gadar, na cusa shi a rufin ɗakin ciyawa. Duk kaka sai in sauko da shi in shafa masa man ƙwallon abirikot, wani ɗan itacen kwarinmu, don kada ya tsage. Matata Hajat takan tsaya a ƙofa tana kallona.

"Ko ƙafafunka masu faso ba ka shafa wa mai haka," in ji ta.

Ban kai shi gada ba. Ba nawa ba ne.

Bana da bazara ta yi tsakiya, 'yar Niyat, Nilofar, wadda ke aikin jinya a wani asibiti can, ta bugo waya.

"Baffa, ni da Baba za mu zo yawon buɗe ido. Ina son in ga gandun nan naku, da tabkin sama, da awakin dutse masu ƙaho. Kai za ka kai mu, ko?"

Yawon buɗe ido, a garin da aka binne cibiyarsa. Na ce su zo. Aikina ke nan dama. Tun muna yara gwamnati ta mai da makiyayarmu gandun namun daji, kuma shekara ashirin ke nan ina raka baƙi su je su kalli abin da muka tashi muna gani kamar kajin gida. Ba na raina su. Wanda ya taka kwana biyu don ya ga akuya a kan dutse ya fi wanda ya zauna yana kallon bango. Amma a raina na san abin da nake jira, kuma na san ba ni da ikon buɗe baki a kansa.

Motar jif ta sauke su da la'asar. Niyat ya yi teɓa, kansa ya yi fari fat, ya sa jar jaket da hula mai baki, da sandunan ƙarfe biyu a hannu. Na kama hannunsa zan sumbata kamar yadda ƙane ke yi wa wa, shi ma ya jawo nawa a lokaci guda, muka yi karo da goshi. Nilofar ta tuntsire da dariya.

"Kai! Ashe haka ake gaisawa a nan? To ni a tausaya mini."

Hajat ta rungume ta ta ja ta ciki. Niyat ya sha shayinsa mai gishiri da man shanu kofi biyu, ya ce zai ɗan miƙe ƙafa. Ya zagaya bayan gida. Na bi shi daga nesa na tsaya a ƙofar ɗakin ciyawa, sandar tana saman kaina. Ya tarar da kututture biyu a bakin lambatu, nawa da ya yi baƙi da nasa da bai gama yi ba. Ya cire hula. Ya duƙa ya shafa saman nasa da hannun hagu, inda zarto ya bi. Ya daɗe a haka.

Na jira ya ce, "Ina itacen?" Kalma biyu ce.

Ya miƙe ya mai da hula. "Iskar nan da daɗi take," ya ce, ya wuce ni ya koma cikin gida.

Na ce a raina, ko tambaya bai yi ba. Ban san abin da ya ɗauka a ransa ba sai bayan kwana biyu.

Da sassafe muka kama hanya mu uku da jaki ɗaya. A bakin gandu akwai ɗan ɗakin mai gadi, inda ake rubuta sunan duk mai shiga. Mai gadin sabo ne, daga wani kwari aka turo shi. Ya buɗe littafi ya dubi Niyat.

"Baba, ɗan gari zan rubuta ko baƙo?"

Niyat ya dubi takalmansa. "Rubuta baƙo."

Na ja jaki na yi gaba, don in na tsaya zan faɗi abin da zai ci mana wasu shekarun.

Hanyar makiyaya tana bin jikin dutse, kogi yana hagu can ƙasa. Daga bakin gandu zuwa gadar Inna akwai nomus shida. A na farko, Matakalar Kurban, na tsaya zan ɗaga hannu sai na ji muryar Niyat a bayana ta riga ni. Ya ambaci Kurban, ya ambaci ɗansa da ya sassaƙa masa matakalar, yana haki tsakanin kalmomi. Haka ya yi a na biyu da na uku. Bai manta suna ko ɗaya ba.

"Baba, ashe duk ka san su," in ji Nilofar.

"A nan na goyi Baffanki," ya ce, yana nuna wata kwana da sanda. "Yana shekara shida, ƙaya ta shige masa ƙafa. Tun daga nan har ɗakin fakewa yana bayana yana yi mini wa'azi wai ina tafiya kusa da baki."

"Kana tafiya kusa da baki," na ce.

"Kin ji ko? Bai canza ba."

Ta juyo da kyamara ta saita ni. "Baffa, ɗan yi murmushi mana. Ko haƙori ɗaya."

"Ki ɗauki jakin, ya fi ni fara'a."

Yarinyar tana da ido, wannan zan faɗa. Ba irin baƙin nan ba ce masu ihu da kiɗan waya. Da gafiyar dutse ta yi fito daga bakin raminta, sai ta zauna a ƙasa shiru har dabbar ta fito gaba ɗaya ta tsaya da ƙafa biyu kamar tsohuwa mai leƙen maƙwabta. Ta tambayi sunan kowane fure. Da na nuna mata sawun damisar ƙanƙara a laka, ta auna shi da tafin hannunta, sannan ta ce, "Tana ganinmu yanzu, ko?" Na ce mai yiwuwa. Duk tsayawar da muka yi kuma sai ta kama wuyan hannun ubanta tana duban agogo, ta tura masa dabino ko ƙwayar magani. Ciwon suga gare shi, zuciyar ma ba ta cika lafiya ba.

"Awakin fa?" ta yi ta tambaya.

"Suna sama da tabki. Gobe da azahar, in Allah ya so."

Muka kwana a ɗakin fakewa. Washegari da hantsi muka zagaye wani hancin dutse, sai ga gadar.

Niyat ya tsaya cak. A gefen hanya akwai dutsen da na sassaƙa sunan Inna a kai da hannuna, haruffan duk a karkace. Ya karanta shi. Ya ɗaga hannu, amma wannan karon ban ji muryarsa ba, leɓunansa kawai ke motsi. Nilofar ta sauke kyamara ba wanda ya ce mata.

Na ƙetara da jaki. Ita ma ta biyo ni, ta karɓar masa sandunansa. Shi ya rage. Ya hau, yana taka katakon a hankali. Ruwan tsakiyar bazara ne, ƙanƙara na narkewa, kogin ya cika yana mirgina duwatsu. Da ya kai tsakiya ya dubi ƙasa, jiri ya ɗebe shi. Mutum in ya tsorata, hannun da ya saba da shi yake miƙawa. Ya miƙa hagu. Na ga yatsunsa sun buɗe sun damƙi iska. Ya durƙushe a kan gwiwoyinsa.

"Baba!" Nilofar ta yi ƙara.

Na koma da gudu na kama shi ta ɗamarar wando na miƙar da shi. Na ɗora hannunsa na hagu a kafaɗata muka ƙarasa.

A wannan gefen akwai bukkokin dutse na matan makiyaya, da kurut, busasshen cukunmu, a shanye a kan rufi. Goggo Zarnigor tana zaune a bakin ƙofarta tana kaɗa zaren ulu. Ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, ita kaɗai ta rage cikin tsararsu da ke hawa har yanzu. Ta kare ido da hannu.

"Gulbast, wane tulu ne wannan ka kwaso a jar riga?"

Niyat ya zube a gabanta ya kama hannunta ya sumbata. Ta riƙe fuskarsa ta juya ta dama da hagu kamar mai sayen rago.

"Niyat ne? La ilaha! Ɗan Sanubar mai satar kurut! Kai da ka fi akuya hawa, yau gada ce ke durƙusar da kai? Me suke ba ku a Karachin nan, auduga?"

Tana zaginsa tana hawaye. Ta sa aka kawo shayi da gurasa da kindirmo. Ta jawo Nilofar ta shinshina kanta, ta ce goshin kakarta ne sak. Muka zauna a kan duwatsu muna fuskantar gadar, domin babu wani wajen fuskanta.

Nilofar ce ta fasa. Ba ta san ƙa'ida ba, babu wanda ya koya mata.

"Baffa, me ya sa ba a ƙarasa gadar ba? Da Baba ya faɗa fa? Katako ne ya ƙare?"

Goggo ta tsai da zarenta. Ni na dubi cikin kofina. Niyat ne ya amsa, muryarsa a kwance.

"Katako bai ƙare ba, 'yata. Akwai bishiya tawa da kakarki ta dasa. Ita ya kamata ta zama hannun nan. Baffanki ya sare ta. Na ga kututturen, aikin zarto ne. Ya gwammace ta shiga murhu da itacena ya taɓa gadar Inna." Ya ajiye kofi. "Kuma ban ga laifinsa ba. Wanda bai zo ya ɗauki gawa ba, ba shi da rabo a gada. Ni dai na zo in ga wurin da idona, in yi mata addu'a a kai, in koma. Shi ya sa na ce miki mu zo kallon awaki."

Na ji kamar an zuba mini ruwan kogin nan a baya. In na ce sandar tana nan, na tuna masa ke nan? In na tuna masa, na ɓata masa ladan da na yi shekaru ina tsare masa? Na dubi Goggo.

Ta gane. Ta nuna ni da mazarinta.

"Kai, malamin duwatsu. Faɗin inda abu yake ba roƙo ba ne. In tunkiyar mutum ta shiga garkenka, ba ka gaya masa? Buɗe bakinka."

"Iska ce ta kayar da ita," na ce. "Shekara huɗu ke nan. Kututturen kawai na daidaita. Itacen yana rufin ɗakin ciyawa. A fere yake."

Niyat ya juyo ya dube ni sosai, karo na farko tun da ya sauka daga jif.

"A fere?"

"Taku tara."

"Duk kaka yana shafe shi da mai kamar amarya," in ji Goggo. "Hajat ta gaya mana. Duk kwarin nan dariya ake yi masa."

"Shekaranjiya kana tsaye a ƙarƙashinsa," Niyat ya ce a hankali. "A ƙofar ɗakin."

"Ina tsaye."

Nilofar ta tafa hannu. "To ai shi ke nan! Baba, sai kawai ku..."

Goggo ta cusa mata dunƙulen kurut a baki. "Tsotsa, jikata. Yana da kyau ga haƙori."

Wannan shawara ba ta kowa ba ce sai ta Niyat. Ya dubi sama, inda hanya ke hawa zuwa tabki, tafiyar awa biyu kacal. Ya dubi gadar. Ya dubi tafin hannunsa na hagu, wanda katako ya ɗan kuje. Shanun dutse suna ta kiwo a gangare, iska na kaɗa gashinsu. Na ƙirga su sau biyu don in sami abin yi.

"Zan koma ƙasa," ya ce. "Zan ɗauko shi."

Nilofar ta tofar da kurut ɗin. "Baba, ba ka da hankali ne? Da ƙyar ka hawo da jikinka kaɗai!"

"Gaskiya ta faɗa," na ce. "Mutum ɗaya ba ya iya juya taku tara a Matakalar Kurban. Ko mai lafiya."

"Na sani." Ya share fuska da hular. "Goggo, tuna mini. Ba a roƙon mutum ya yi nomus. Amma mai nomus yana gayyatar jama'a, ko an canza?"

"Ba a canza ba."

Ya miƙe tsaye, da ƙyar. Ya gyara jaket ɗinsa. Ya fuskance ni kamar yadda ake yi a dandalin gari.

"Gulbast ɗan Sanubar, zan yi wa mahaifiyata hannun gada. Ina gayyatarka. Abinci a kaina."

Ni ma na miƙe. Ina da maganganu da yawa da na tara na shekara goma sha ɗaya, wasu har na haddace su. Na bar su duka.

"Na amsa, Yaya," na ce.

Nilofar ta yi faɗa har ta gaji. A ƙarshe ta zazzage jakar magani a gabana, ta koya mini wanne ake sha da safe, wanne in ya fara gumi mai sanyi, ta sa na maimaita sau uku kamar ɗan makaranta. Ta ce in wani abu ya sami ubanta, ni da ita ne. Goggo ta ce a bar mata yarinyar, za ta koya mata tatsa ta kuma sa a kai ta tabki.

Saukowa ta ci mana kwana biyu. Hajat na ganinmu mu biyu ba Nilofar, kuma muka wuce ta kai tsaye zuwa ɗakin ciyawa, sai ta ajiye tsintsiya ta tafi jiƙa gari ba tare da ta tambayi komai ba. Muka zaro sandar muka shimfiɗa ta a rana. Ta yi ja saboda mai. Niyat ya bi ta da hannu daga wannan kai zuwa wancan, ya shinshina tafinsa.

"Man Inna," ya ce. Da shi take shafe mu lokacin sanyi.

Ya yanka akuya, ya zaga gida gida da kansa yana gayya. Mutum tara suka amsa, har da kafintan da ya yi aikin farko. Da muka isa bakin gandu da sandar a kafaɗa, mai gadi ya fito da littafinsa.

"Baba, kai ne baƙon rannan?"

"Gyara," in ji Niyat. "Ɗan gari."

Hawan ya ci kwana uku, hanyar da nake yi a yini ɗaya da rabi. Samari sun yi ta cewa ya ba su su karɓe shi. Wuraren da hanya ta miƙe yakan yarda su sa kafaɗa a tsakiya, amma kan gaba bai saki ba ko sau ɗaya. Ni ina riƙe da baya. A kwanar dutse sai na gaba ya matsa har bakin rami kafin na baya ya iya juyowa, kuma ba ka ganin ɗan'uwanka, muryarsa kawai kake ji.

"Saki kaɗan!"

"Na saki. Kana tafiya kusa da baki, Yaya."

"Rufe mini baki ka ɗaga!"

Duk taku ɗari sai mu ajiye. In ba shi dabino, in kama wuyan hannunsa ina duban agogo kamar yadda aka koya mini, ko da yake ban san abin da nake ƙirgawa ba. Rana ta biyu da hantsi leɓunansa suka yi fari, gumi ya keto masa. Na zaunar da shi a inuwar dutse na ba shi ƙwayar. Na ce mu tsaya nan a ƙarasa masa. Sai ya ɗora ƙafarsa a kan sandar. Muka zauna fiye da awa guda, mutanen gayya sun yi gaba su dafa shayi.

A nan ne tsakuwa ta gangaro ta faɗi kusa da mu. Muka ɗaga kai. Awakin dutse ne, sun kai ashirin, suna ratsa bangon da ke samanmu a jere, wurin da ko tafin hannu ba zai zauna ba. Wani tsohon bunsuru mai ƙaho har gadon baya ya tsaya ya leƙo mu, yana tuƙa. Ba su cika saukowa nan da bazara ba. Muka bi su da kallo har na ƙarshe ya ɓace.

"Ga mu ba kyamara," in ji Niyat. "Nilofar sai ta kashe mu."

Ya yi dariya har ta zama tari. Da tarin ya lafa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da na taka da ƙafa, Gulbast. Rannan. Na tsaya a bakin zabtarewar ina kallon hanya, tsoro ya kama ni in zo in tarar an riga an rufe ta."

"Ni ma da na buga waya na ce iska ta kayar da bishiya," na ce.

Wannan ita ce gaskiyar da ta shafe ni, kuma tun da na faɗi tasa dole in faɗi tawa. Al'ada ba ta hana ni wannan wayar ba. Girman kai ne, na lulluɓe shi da sunan al'ada, na yi shekara huɗu ina shafa wa itace mai alhali ɗan'uwana yana can yana zaton an yanke shi daga uwarsa.

Muka isa gada rana ta uku da azahar. Matan makiyaya sun jeru a wancan gefe, Nilofar a tsakiyarsu da hular Goggo a kai, hancinta ya saluɓe da rana. Ta ƙetaro da gudu ta kama hannun ubanta tana duban agogo kafin ta gaishe shi. Sai da ta gama ƙirgawa sannan ta ce ta ga awaki a tabki, hoto ya fi ɗari. Muka dubi juna ni da shi.

Kafinta ya kafa ƙafafu huɗu a gefen hagu, muka ɗora sandar. Ta zauna daidai, ba a rage ko yatsa ba. Ya miƙa wa Niyat guduma, ya buga turaku na ƙarshe da hagunsa, biyu sun karkace sai da aka cire aka sake. Aka yi wa Inna addu'a, aka ci naman akuya da gurasa a bakin ruwa.

Goggo ce ta fara ƙetarawa, hannu a dama hannu a hagu. Ta tsaya a tsakiya ta jijjiga sabon hannun.

"Na hagun ya fi kyau," ta ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Na daman duk ya tsattsage. Ashe wanda ake ajiye wa ya fi samun mai."

Niyat ya bi bayanta. Ya ƙetara, ya dawo, ya sake ƙetarawa, bai dubi ƙasa ba. A karo na uku ya tsaya a tsakiya, ya miƙa hannu ya shafa nawa ɓangaren, inda rana da sanyi suka farfasa.

"Gulbast, akwai sauran man nan?"

"Akwai rabin kwalba a gida."

"Ajiye mini. Da kaka ake shafawa, ko?"

"Da kaka. Kafin dabbobi su sauko."

"To kada ka taɓa. Duka biyun ni zan shafa."